Daga Gudu zuwa Tabkin Kwatto: Yaƙe-yaƙen Farko na Jihadi, 1804

Wanda ya tsaya a Illela ya dubi arewa, Birnin Ƙonni zai hanga, a cikin Jamhuriyar Nijar. Iyakar da ta raba garuruwan nan biyu Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, ƙasar nan duka tana ƙarƙashin ikon Gobir, kuma a kewayenta aka soma ɗauki-ba-daɗin da ya haifi Daular Sakkwato.

Asalin al'amarin shi ne, da dangantaka ta ɓaci tsakanin Jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, musamman bayan harin da aka kai wa mutanen Malam Abdussalami a Gimbana, sai Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Fabrairu 1804. A Gudu aka yi masa mubaya'a, ya zama Amirul Muminina. Mubaya'ar nan ita ce ta mai da taron malamai da almajirai jama'a mai shugabanta, wadda ta fita daga ɗa'ar Gobir.

Amma fa Gudu wuri ne mai ƙarancin abinci, ga kuma mahayan Gobir suna tare hanyoyi. Saboda haka Jama'a suka kai wa Matankari hari, sa'an nan suka ci Birnin Ƙonni. Suna cikin wannan hali labari ya zo cewa Yunfa ya taso da kansa.

Aka yi karo a Tabkin Kwatto cikin watan Yuni 1804. Yunfa yana da dawaki masu yawa, da 'yan lifida, da Abzinawa masu taimakonsa. Jama'a kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakinsu ba su wuce 20 ba, ƙarfinsu duk ga 'yan baka yake. Masu bakan suka dage wuri guda, suka yi ta zuba kibau har dawakin Gobir suka watse, Yunfa ya sha da ƙyar. Malaman Jihadi sun kwatanta wannan rana da ranar Badar.

Sai dai nasarar fili daban take da cin birni mai ganuwa. A ƙarshen shekarar Jama'a suka tasar wa Alƙalawa, suka kasa shigarta. A Tsuntsuwa aka yi musu mummunar ɓarna, aka kashe musu kimanin mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa ta tilasta musu komawa Zamfara. Sai da suka ci Birnin Kabi a 1805, suka kafu a Gwandu, sa'an nan suka sami gindin zama. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai cikin 1808, a can aka kashe Yunfa.

Irin wannan ya auku a wasu wurare. Girkawa da suka tayar wa Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1821 sun ci Tirifolitsa a shekarar farko, amma ba a amince da 'yancinsu ba sai a 1830. Watau nasarar farko tana jawo magoya baya, amma abinci, da mazauni tabbatacce, da haƙurin jure hasara, su ne suke kai yaƙi ga ƙarshensa.