Ƙarfen Da Ƙarfinsa Yake A Fatarsa

Duk wanda ya daɗe a Ikko ya san motar nan Volkswagen Beetle, wadda Yarabawa suke kira Ijapa, watau kunkuru. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo, kan hanyar Badagiri. Amma ba kowa ya san cewa gidan injinta da akwatin giyarta ba na sanholo ba ne. Wani ƙarfe ne dabam, ana ce da shi maganiziyam. Har yau ana yin gangar zarton inji da ƙashin sitiyarin motoci da shi, yana kuwa faɗowa hannun makanikai da 'yan gwangwan kullum.

Abin da ya sa maƙera na zamani suke son sa shi ne rashin nauyi. In gudan sanholo ya yi kilo 3, maganiziyam mai girmansa bai wuce kilo 2 ba. Ba a aiki da shi zalla, sai an gauraya. Irin wanda aka fi sani, AZ91, yana da sanholo kashi 9 cikin 100 da tutiya kamar kashi 1.

Ga yadda ake zubinsa. Sai a narkar da shi, inji ya tura shi da ƙarfin gaske cikin mazubin baƙin ƙarfe, ya cika kafin ƙiftawar ido. Narkakken da ya taɓa bangon mazubi shi ne yake fara daskarewa, nan take. Saboda wannan hanzari ƙwayoyinsa kan fito ƙanana ƙwarai, a matse da juna. Wannan ita ce fata, kaurinta kuwa yawanci bai kai milimita 1 ba. Na ciki yakan huce a hankali, ƙwayoyinsa su yi manya, iskar da ta maƙale lokacin zubi ta bar 'yan ramuka a tsakani. In aka yanka aka duba da madubi mai ƙara girman abu, sai a ga bambancin sarai, kamar ɓawon burodi da tsokarsa. Fatar ta fi tauri, ta kuma fi jure cin gishiri da laima.

To, ga inda hankali ya kamata ya tsaya. Makanikin da ya sa magagari ko sanfefa ya goge fatar don ta yi ƙyalli, ya kankare garkuwar ke nan, ya buɗe ramukan ciki. Walda ma takan ba da wuya, gama iskar ramukan tana kumbura in ta ji zafi. Har wa yau, inda notin baƙin ƙarfe ya haɗu da maganiziyam cikin laima mai gishiri irin ta bakin teku, maganiziyam ɗin ne yake cinyewa, ya zama farin gari.

Masu narka sanholo su zuba tukwane su ma su yi hattara. Garin maganiziyam da narkakkensa suna kama wuta fara fat mai kashe ido, ruwa kuwa ƙara mata ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake zuba mata. Gane shi ba wuya: a ɗan kankare wani lungu, a ɗiga ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa maganiziyam ne, sai a ware shi gefe. Sanholo ba ya kumfa.