Haƙƙin Mallaka Da Izinin Wallafa Littattafan Jagora Na LibreOffice



LibreOffice tarin manhajoji ne na aikin ofis, waɗanda ake buga wasiƙa da tsara lissafi da su, ba tare da an biya ko kwabo ba. Tushensa OpenOffice.org ne, wanda kamfanin Sun ya sakar wa jama'a a shekarar 2000. Da Oracle ya sayi Sun a 2010, sai wasu masu aikin suka ware suka kafa gidauniyar The Document Foundation, wadda aka yi wa rajista a Jamus a 2012.

To, kayan aiki ba ya amfani sai an san yadda ake sarrafa shi. Saboda haka 'yan sa kai suka ɗauki nauyin rubuta littattafan jagora, kamar na Writer da na Calc. Wani ya rubuta babi, wani ya gwada abin da aka rubuta a kan kwamfuta, wani kuma ya gyara harshe. Duk sa'ad da manhajar ta sake kama, tilas a sake bin littafin.

A nan ne wahalar take. Bisa doka, kowane marubuci shi ke da haƙƙin abin da ya rubuta. Da an bar abin haka, mai son gyara littafin sai ya nemi yardarsu ɗaya bayan ɗaya, alhali wani ya ƙaura, wani ya riga mu gidan gaskiya. Maganin da suka yi shi ne ba da izini tun farko, har iri biyu, mutum ya zaɓi wanda ya fi masa. Na farko shi ne GPL, wanda ya shardanta cewa in ka gyara ka rarraba, lalle ka bar wa na bayanka irin 'yancin da ka samu. Na biyu shi ne na Creative Commons, wanda babban sharaɗinsa ambaton marubutan asali. Amma sunan LibreOffice da tambarinsa suna hannun gidauniyar, izinin bai shafe su ba.

Watau ke nan, ma'aikaci yana iya kwafe littafin ya raba wa abokan aikinsa, ɗalibi kuma ya fassara shi da Hausa, har ya buga ya sayar, muddin ya cika sharaɗin izinin da ya zaɓa. Ƙofa dai a buɗe take, saura masu himma.