Ƙarar ƙarƙashin a-kori-kura: yadda ake gano tushenta da gyara ta

Mai a-kori-kura da ke bin hanyar burji ko kwalta mai ramuka ya san ƙarar ƙwaram-ƙwaram da ke tasowa daga ƙarƙashin mota. Wata ƙarar ta ƙaramar roba ce da ta cinye, wata kuma gargaɗi ce cewa ƙafar mota na gab da ɓallewa. Don haka bai kamata a saba da ita ba.

Kafin a je garaji, a fara duba abubuwan da ba su cin kuɗi: tayar safiya da ke rataye ƙarƙashin bodi, ƙofar baya, salansa, da jak ɗin da aka ajiye bayan kujera. Sau da yawa a nan ƙarar take.

Idan ba nan ba ce, sai a saurari lokacin da take fitowa. Ƙara mai sauri daga gaba a kan ƙananan gargada yawanci ta gajerun sandunan da ke haɗa ƙarfen daidaita mota da ƙafafu ce, ko robobinsa. Bugu mai nauyi idan an faɗa rami yana nuna amotisa, wanda a Najeriya ake kira shokabzoba, ko kuma rotil, gaɓar nan mai kama da ƙwallo da ƙafa ke juyawa a kanta. Motoci irin su Toyota Hilux suna da jerin faifan sifirin a baya. Ƙara daga can tana zuwa ne daga robobin bakin sifirin, ko ƙarafan da ke ɗaure shi da gatarin ƙafafu sun saki, ko wani faifai ya karye saboda lodi fiye da kima.

A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki. Idan ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai na tsiyaya a jikin amotisa, ya mutu. Sannan a ɗaga ƙafa, a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza. Motsi a nan na rotil ne ko boris. Wani ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace, boris ne. A riƙe ta dama da hagu kuma: motsi a nan na gaɓar sandar sitiyari ne. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi.

Wajen gyara, ana canja amotisa biyu tare, dama da hagu. Notin da ya ratsa roba ba a ƙarasa ɗaure shi sai mota ta sauka kan ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta yage da wuri. Kada a zuba mata baƙin mai, yana lalata ta. Faifan sifirin da ya karye canja shi ake yi, walda ba ta riƙe shi. Bayan taɓa rotil ko sandar sitiyari, a kai mota a daidaita ƙafafunta don kada taya ta cinye gefe guda.

Ƙarar roba tana iya jira zuwa ƙarshen mako. Rotil mai motsi kuwa, a gyara shi kafin a ɗauki kaya ko fasinja.