Ku daina cika takardar kiɗa da lambobi

Abin ya fara isata. Waƙa ce mai shafi biyu kacal, amma marubucinta ya yayyafa mata lambobin gudu kamar an watsa wa kaji tsaba: nan 72, gaba kaɗan 69, can 66, sai kuma a koma 74. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce so yake kwamfuta ta sassauta a inda mawaƙa za su ja numfashi. To, kwamfuta ta gane. Mai jagorar mawaƙan da zai riƙe takardar nan fa, da wane ido zai bi wannan tarkace?

Lambar dai yawan bugu ne a minti ɗaya, wato 60 na nufin bugu guda kowace daƙiƙa. Tun 1815 da Maelzel ya yi rajistar na'urarsa ta ƙidayar bugu ake rubuta ta a saman takarda, kuma guda ɗaya kan wadatar da dogon sashe.

Maganin wannan ɓarna ya daɗe da samuwa. Tun 2009 manhajar rubuta kiɗa ta Sibelius ta zo da Live Tempo: kiɗan na tafiya, kai kuma kana ƙwanƙwasa madanni ɗaya da yatsa, manhajar tana bin hannunka. Ka yi sauri ta yi sauri, ka ja ta ja. Finale ma tana da TempoTap, kafin kamfanin MakeMusic ya daina sayar da ita a watan Agustan 2024.

Amma sai ka ji ana yaɗa cewa wai ƙwanƙwasawa tana lalata rubutu, tana tsawaita wannan sauti ta gajarta wancan, har takarda ta fito a hargitse. Wannan zancen wanda bai taɓa gwadawa ba ne. Abin da ka rubuta daban, yadda ake kunna shi daban. Manhajar tana ajiye lokacin da yatsanka ya sauka ne a gefe guda, ba ta taɓa ko ɗigo ɗaya na abin da ke kan takarda. Ka buga takardar kafin ƙwanƙwasawa, ka sake buga ta bayan ka gama, ka ɗora su a kan juna: babu bambanci. In ma abin da ka yi bai gamshe ka ba, kashe shi kawai za ka yi, kiɗan ya koma gudunsa na asali. Wanda ya lalata rubutu shi ne mai cusa lambobi barkatai, domin nasa aikin ne ke fitowa a takarda ya rikita bayin Allah. Wasu kuma girman kai ne kurum ke hana su ƙwanƙwasawa, wai aikin 'yan koyo ne.

In za ka gwada, fara da gwajin daidaitawa da manhajar ke bayarwa, domin akwai ɗan jinkiri tsakanin saukar yatsa da fitowar sauti. Kada ka sa abin kunne na Bluetooth, jinkirinsa ya fi yawa. Nemi mai waya. Yanke shawara tun farko a kan bugun da za ka riƙa bi. Kiɗa mai awon 6/8 idan yana da sauri, sau biyu ake ƙwanƙwasa masa a kowane gida. Mai neman bin duka shidan hannunsa zai gaji ya fara tuntuɓe. Kuma don Allah rera waƙar da bakinka yayin da kake yi. Huhunka ne zai gaya maka inda ake buƙatar sarari, ido ba zai gaya maka ba.

Ba dole ne ka bi waƙar daga farko har ƙarshe ba. Zaɓi wuraren da gudu ke canzawa, kamar ƙarshen baiti ko inda ake riƙe sauti, sauran ka bar wa lamba ɗaya. Kula da wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, nan ne hannun mutum ke rugawa a guje ba tare da ya sani ba. Bayan ka gama, tashi ka sha ruwa, ka dawo ka saurara hannuwanka a naɗe. A takarda kuwa, rubuta wa mawaƙa kalma ɗaya cewa a sassauta a nan, ta ishe su.