Yinin Ƙarshe A Elmina: Wake Ya Riga Ni Isa Bakin Teku

Saura kwana guda hutunmu ya ƙare, a watan Agustan 2023, uwargida ta kafe a kan cewa ba za mu koma Ankara, kamar yadda fatake ke kiran babban birnin Gana, mu hau jirgi ba, sai mun ga Elmina. Ni kuwa na gaji da yawo, aljihu ma ya fara kuka. Mun riga mun yi kwana uku a Kef Kos, har mun hau gadar igiyar dajin Kakum, wadda ban yi wa kowa alkawarin sake hawa ba. To amma tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 13 ba, saboda haka na rasa hujja.

Ranar Talata ce, kuma bisa al'adar masuntan Fanti ba a fita teku ran Talata. Sai muka tarar da kwale-kwale jingim a bakin ruwan Benya, kowanne da fenti da tutoci da rubutu a jikinsa, maza na zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Daga kan gada kuwa ga farin ginin da ya kawo mu, ya yi wa garin tsaye a ka.

Turawan Fotugal ne suka gina wannan sansani a 1482, shekara goma kafin Kolombus ya ƙetara zuwa Amurka, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a kudu da Sahara. Zinariya ce ta fara kawo su. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, tun a wancan lokaci sukan sayo bayi daga gaɓar ƙasar Binin su sayar wa 'yan kasuwar Akan a nan, su karɓi zinariya. Mutanen Holan suka ƙwace wurin a 1637, a hannunsu ne kuma ɗakunan ajiyar kaya suka zama na ajiyar mutane sosai da sosai. Ingila ta karɓa a 1872.

Mai karatu, gani ya kori ji. Na sha karanta labarin waɗannan kurkuku, amma littafi ba ya ɗauke da wari, kuma har yau akwai wani ɗoyi mai nauyi da ya kama bangon ɗakin mata. Ɗan jagora ya nuna mana barandar da gwamna kan tsaya ya zaɓi wadda yake so daga cikin matan da aka jera a tsakar gida, ya nuna mana ɗakin ibadar da aka yi a bene, bisa kawunan waɗanda ke tsare. Daga nan muka sunkuya muka bi wani lungu zuwa ƙofar da ake cewa in an fita ba a dawowa, wadda saboda ƙuncinta sai mutum ɗaya-ɗaya. Wata baƙar fatar Amurka da ke cikin ayarinmu ta dafa bango ta fashe da kuka. Na tausaya mata ƙwarai, sai dai ba zan ɓoye ba, tausayin ɗan kallo ne. A raina ina cewa wannan magana ce tsakaninsu da Turawa da sarakunan bakin teku. Mu mutanen Arewa ina ruwanmu?

Da azahar yunwa ta kora mu wata rumfa kusa da kasuwa, inda wata dattijuwa ke sayar da abincin da suke kira wace. Ta ji muna Hausa, sai ta ce, "Alhaji, sannunku da zuwa. Daga Najeriya ne?" Na ce, "Daga can ne, Hajiya." Ta juya ta kira 'yar da ke taya ta, tana mita: "Yarinyan nan ya cika wasa." Uwargida ta dube ni tana murmushi, don ta san abin da ke sa ni zaro takarda. Gananci ke nan, karin Hausar da ya yar da bambancin jinsi, mace da namiji duk "ya" ne, kamar yadda yakan faru ga harshen da ya daɗe yana hidimar kasuwa a bakin mutanen da ba da shi aka haife su ba.

Aka zubo mana shinkafa da wake, jajawur saboda karan dafin da ake dafa su da shi, aka ɗora taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da soyayyen kifi, sannan wani baƙin yaji mai mai da ake kira shito. Ban taɓa cin shinkafa da wake mai wannan daɗi ba, Allah Ya ba matan Kano haƙuri. Sunan kuwa namu ne. Wake ne Akan suka karɓa suka rubuta waakye, kasancewar a rubutunsu "ky" tana ba da sautin "c". Haka ƙosai ya zama kose, fura ta zama fula, kokon gero mai yaji kuma sunansa Hausa koko a duk faɗin ƙasar. Tuwo mai zafi ya zama sunan abinci sukutum, har ana taƙaita shi da haruffa biyu. 'Yan matan da ke dako a kasuwannin Ankara da Kumasi ana ce wa ɗayarsu kayayo, wato "kaya" na Hausa da kalmar "mace" ta harshen Ga. Ina lissafi ina jin daɗi, irin daɗin da mukan ji a tarurrukanmu idan aka tashi ƙirga miliyoyin masu jin Hausa.

Sai na tambaye ta asalinta. Ta ce kakanta daga Salaga ya gangaro. A nan ne lomar ta tsaya mini.

Kalma ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta. Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce matattarar fataken Kano da Katsina da Borno da ke zuwa sayen goro daga hannun Tonawa, wato Ashanti. Suna kai tufafi da kanwa da fatu da dabbobi, suna kuma kai mutane, domin Salaga na daga cikin manyan kasuwannin bayi na wannan yanki. Adalci ya wajaba a nan: bunƙasar fataucin goro ta zo ne a ƙarni na 19, bayan Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, Holan kuma a 1814, don haka akasarin waɗanda aka sayar a lokacin a gonakin Tonawa da gidajensu suka ƙare. Amma hanyar ta girmi wannan zamani. Tun a ƙarni na 18 Tonawa ke karɓar bayi daga Gwanja da Dagomba, kuma Akan na da kalma ta musamman, odonko, ga mutumin Arewa da aka saya. A Asin Manso, kan hanyar Kumasi zuwa Kef Kos, akwai rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa, kuma sunansa daga wannan kalma yake. Mu ma ba mu tsira ba: Hausawan da aka fitar ta Legas da Wida sun yi yawa a Bahiya ta ƙasar Birazil har suka shirya tawaye a 1807. Ashe ƙila ni da matar da ta yi kuka ɗazu mun haɗa kaka, ko kuma kakana ne ya karɓi kuɗin nata. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka watsu zuwa Kete-Karachi da Kumasi da bakin teku, zango-zango suka ƙaru, tukunyar wake ta bi su.

Da la'asar muka hau tudun da ke fuskantar sansanin, wanda daga kansa ne mutanen Holan suka girke igwa a 1637. Daga can ana ganin komai: rufin kwano, filayen gishiri, hayaƙin masu bandar kifi, da wani fili fayau a gefen sansanin. A nan tsohon garin Elmina yake, kafin Ingilishi su yi masa ruwan wuta a watan Yunin 1873 saboda ya goyi bayan Tonawa. Cikin mayaƙan Ingilishi a ranar akwai 'yan sandan Hausa da aka kawo daga Legas, na rundunar da Gulob ya kafa a 1863, waɗanda da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu suka sa kaki. Wannan ita ce hanya ta uku da harshen ya bi, ta bariki. Ban tuna an taɓa koya mini ita a aji ba, ni ma kuma shekara da shekaru ina koyar da yaɗuwar Hausa, ina zana kibiyoyi a allo daga Kano zuwa kudu, ban taɓa ce wa ɗalibai ga su wa ke tafe a kan kibiyar ba.

Abincin dare a bakin ruwa muka ci shi: dokunu na Fanti, wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da kifin jiya, tunda yau ba a fita ba, da niƙaƙƙen barkono da albasa. Tsaminsa bai yi wa uwargida ba, ta koma kan soyayyar ayaba. Ni na cinye nawa da nata. Mai abincin ya ce in muna son ganin Elmina ta gaskiya mu zo da asuba, lokacin da kwale-kwalen ke fita. Motarmu ta Ankara ƙarfe shida za ta tashi.