Saba Ce Ta Ƙi Karɓa, Ko Hanya Ce Ta Yanke?

Tun da aka sake tayar da maganar dokar zaɓe, wasu suna cewa lalle a wajabta aika sakamakon kowace rumfa ta intanet nan take, wasu kuma suna cewa hakan ba zai yiwu ba domin ƙauyuka ba su da sabis, babu majalisar da mutum zai zauna a ƙasar Ɗambatta, ko Makoɗa, ko Tsanyawa, ko Bichi, face ya ji an kawo zancen saba, wato babbar kwamfutar da ake tura wa sakamako, kowa da irin fatawarsa a kanta. Wani ya ce a zaɓen 2023 kashe ta aka yi da gangan don a sauya ƙuri'u a cikinta. Wani ya ce ai babu ita ma tun asali, tun da a 2019, lokacin da Atiku Abubakar ya kafa hujja da ita a kotu, hukumar zaɓe ta musanta cewa ta tara sakamako a cikinta. Wani kuma, kuma irinsa sun fi yawa, ya kaɗa kai ya ce netwok ne, mu mutanen karkara ai ba mu da netwok. Wannan magana ta ƙarshe ita ta fi damuna, domin ita ta fi kama da gaskiya alhali ta yi nisa da abin da ya auku, kuma ita ce take ɗora wa ƙauye laifin da aka yi a birni.

Ya kamata mu fara tsayawa a rumfar zaɓe mu ga mene ne ake aikawa ɗin. Na'urar da ake kira BVAS, wadda aka fara aiki da ita a wani zaɓen cike gurbi a Jihar Delta cikin watan Satumba na 2021, aiki biyu take yi, kuma ba su haɗa hanya ba. Na farko shi ne tantance mai zaɓe da yatsa ko da fuska, wannan kuwa ba ya bukatar sabis ko kaɗan, saboda sunayen mutanen wannan rumfa da kamanninsu an riga an zuba mata su tun daga ofis. Na biyu sai bayan an ƙirga ƙuri'u a bainar jama'a, jami'in rumfa, wanda galibi ɗan bautar ƙasa ne, ya rubuta adadin kowace jam'iyya a takardar da ake kira EC8A, ya sa hannu, ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su ma su sa hannu kowa ya karɓi kwafinsa, sa'an nan ya shimfiɗa takardar ya ɗauki hotonta da na'urar, ya tura shi zuwa shafin hukumar mai suna IReV, inda kowa zai iya gani. Ashe ke nan ba ƙuri'a ce take bin iska ba, hoton takarda ne, ita kuwa takardar tana nan a hannun mutane.

To, domin wannan hoto ya isa inda aka nufa, akwai sharuɗɗa uku, kuma manomin da ya taɓa aika amfanin gonarsa kasuwar Dawanau ya san su sarai ko da bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Sai kaya ya ɗauru a gida, sai hanya ta biyu, sai kuma dillali ya karɓa ya shigar a littafinsa. Idan ruwa ya cinye kwalbati mota ta kasa wucewa, buhuna suna nan a zaure ba su ɓata ba, jinkiri ne kawai. Idan mota ta isa amma dillali ya dubi direba ya ce ban san wanda ya aiko ka ba, wannan wata mas'ala ce daban. Idan kuwa ya san shi, ya karɓi gero, ya karɓi wake, amma da aka sauke riɗi ya buɗe littafi ya tarar bai ware masa shafi ba, bai kuma tanadar masa wuri a sito ba, har ya ce a mayar, to babu mai hankalin da zai ji wannan labari ya ce laifin hanya ne, domin da hanya ba ta biyu ba, da direba bai ma ji amsar dillali ba balle ya kawo ta gida.

Saba dai babbar kwamfuta ce da ke ajiye a wata cibiya, a kunne dare da rana, kuma a cikinta akwai wata manhaja wadda ba ta da aiki sai tsaron ƙofa guda. Ba ta kiran kowa, sai dai a kira ta. Na'urar da ke ƙauye ita ce kullum mai fara magana, kuma ba za ta iya ba sai an riga an rubuta mata abu biyu: adireshin sabar, da lambar ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, domin kwamfuta guda tana da ƙofofi dubbai, kowace da hidimarta, ƙofa ta 443, alal misali, ita ce ta saƙon intanet da aka kulle. Idan na'ura ta sami sabis, sai ta aika ɗan gajeren saƙo na neman izini, saba ta amsa, na'ura ta tabbatar da ta ji amsar, kuma sai waɗannan saƙonni uku sun cika ake cewa an ƙulla zance. Daga nan saba ta nuna shaidarta don kada wata ta yi sojan gona da sunanta, su yi ittifaƙi a kan mabuɗin sirrin da za su kulle maganarsu da shi, na'ura ita ma ta gabatar da sunan jami'i da kalmarsa ta sirri, sa'an nan, bayan duk wannan, hoto ya fara tafiya gunduwa-gunduwa.

Abin da jama'a ba su cika sani ba shi ne, a ƙarshen wannan mu'amala saba takan mayar da amsa, kuma amsar lamba ce wadda ma'anarta ɗaya ce a duk duniya. Idan ta ce 200, ta karɓa. Idan ta ce 401 ko 403, ba ta yarda da shaidar mai aikowa ba, ko ba ta ba shi izini ba. Idan ta ce 500, ikirari take yi da bakinta cewa saƙo ya iso, amma wani abu ya rikice a cikinta ita kanta har ta kasa ajiye shi. Wanda ba shi da sabis kuwa ba ya samun lamba ko ɗaya, sai dai na'urarsa ta yi ta juyi har wa'adin jira ya ƙare.

Yanzu mu koma ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a Nijeriya, 11,222 daga cikinsu a Jihar Kano, kuma a wannan rana zaɓe uku aka yi lokaci guda: na shugaban ƙasa, da na sanatoci, da na 'yan majalisar wakilai. Da yamma jami'ai suka fara turawa, sai aka ga abin mamaki: sakamakon 'yan majalisa yana shiga, na shugaban ƙasa yana ƙin shiga, alhali na'ura ɗaya ce, a hannun mutum ɗaya, a ƙarƙashin ƙarfen sabis ɗaya. Washegari hukumar ta fitar da sanarwa ta bakin kwamishinanta Festus Okoye cewa tangarɗa ce ta faɗaɗa shafin daga ƙananan zaɓuɓɓuka zuwa na ƙasa baki ɗaya, ba zagon ƙasa ba. Amma cikakken bayani bai fito ba sai a rahoton da ta wallafa cikin Fabrairu na 2024, bayan shekara guda. A nan ta ce amsar da na'urori suka riƙa samu 500 ce, kuma sababin shi ne an tsara manhajar ta yadda kowane sakamako sai ta jingina shi ga wata jiha kafin ta ajiye shi, to kujerar sanata da ta wakili kowace tana cikin jiha, ta shugaban ƙasa kuwa mazaɓarta ƙasar ce gaba ɗaya, sai manhajar ta rasa inda za ta sa shi. Aka yi gyara, takardar farko ta shugaban ƙasa ta shiga da ƙarfe 8:55 na dare. Mutum yana da damar ya gaskata wannan uzuri, yana kuma da damar ya yi shakkarsa. Amma ko a bisa maganar hukumar da kanta, dillali ne bai ware shafi ba, kuma ɗan bautar ƙasan da ya hau tudu a bayan makarantar firamare, yana ɗaga na'ura sama da kansa yana neman sabis, magani yake nema wa ciwon da ba a wurinsa yake ba.

Ba ina cewa sabis ya wadata a karkara ba ne. Duk wanda ya tsaya gaban mai POS a kasuwar ƙauye cikin watan Fabrairu na 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ya ga an cire masa kuɗi ba su isa ga mai kaya ba, ya san akwai matsala, kuma a Yulin 2021 jami'an hukumar sadarwa ta NCC sun shaida wa majalisar wakilai cewa, bisa binciken 2018, kimanin rabin rumfunan zaɓe ne kaɗai ke da sabis na 3G. Sai dai masana wannan fanni sun daɗe da samar wa raunin hanya magani. Manhajar da aka gina da kyau ba ta zubar da saƙo don an rasa sabis. Takan ajiye shi a layi a cikin na'ura, ta riƙa sake gwadawa lokaci bayan lokaci, da zarar an shigo inda sabis yake sai ta tura. Tun a 1996 wasu masana biyu a Ostireliya, Andrew Tridgell da Paul Mackerras, suka fito da wata manhaja mai suna rsync, wadda har yau ake daidaita fayiloli da ita tsakanin kwamfutoci masu nisa: takan yanka fayil gida-gida, ta fitar wa kowane yanki wata lamba daga abin da ke cikinsa, ɓangarorin biyu su yi muƙabala da waɗannan lambobi, sai a aika yankin da ya saɓa kaɗai, wanda ya dace a bar shi. An ƙirƙiro wannan dabara ne musamman domin layi mai rauni, tun zamanin da intanet ɗin manyan biranen duniya bai kai na Ɗambatta a yau ba. Saboda haka rashin sabis yana jawo jinkiri, kuma jinkiri a zaɓe ba ƙaramin abu ba ne, domin a cikinsa zato yake tsirowa. Amma ba hujja ba ce ta cewa aikin ba zai yiwu ba.

Akwai kuma wata shubuha a ɗaya ɓangaren, ta masu ganin cewa da zarar hoto ya hau shafi, gaskiya ta tabbata. Saba ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Abin da aka miƙa mata shi take ajiyewa. Waɗanda suka buɗe IReV bayan zaɓen sun ga takardu da yawa da ba sa karantuwa, wasu an ɗauke su cikin duhu, wasu hannu ya girgiza, wasu an kankare lamba an rubuta wata a kanta, kuma duk saba ta karɓe su ba ta ce uffan ba. Ranar 26 ga Oktoba, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa wannan shafi ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma rashin hawan takardu kansa bai isa ya soke zaɓe ba. Amfanin shafin shi ne ya zama shaida na biyu, wanda za a gwada shi da kwafin da ke hannun wakili da kuma abin da aka karanta a cibiyar mazaɓa da ta ƙaramar hukuma. Idan ukun suka dace, zuciya ta natsu, idan suka saɓa, an san inda za a tona. To ina amfanin shaida na biyu idan na farko ya ɓata? Sau nawa wakilin jam'iyya yake barin rumfa tun kafin magariba don an kira shi karɓar sallama, ko ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko ya ninke kwafinsa ya cusa a aljihu har gumi ya cinye tawadar, sa'an nan bayan mako guda a same shi a gindin bishiya yana rantsuwa cewa a cikin saba aka yi musu fashi?

Hukuma kuwa nauyinta ya fi wannan, domin amana ce ta ɗauka, ba tilasta mata aka yi ba, ita ta yi ta nanata wa jama'a cewa za su ga sakamako nan take. Kuskuren da aka bayyana a rahoton 2024 irin wanda gwaji ɗaya yake tonawa ne, da an tura takardar shugaban ƙasa ta gwaji ko da daga rumfa guda kafin ranar zaɓe. Kuma bayanin da aka jira shekara kafin a yi shi, da an yi shi a rediyo a daren zaɓen, da Hausa da sauran harsuna, da ya kashe rabin jita-jitar da har yau muke fama da ita. Abin da ya kamata mutanenmu su koya shi ne tambaya guda, wadda za su yi wa jami'in zaɓe, da ma'aikacin banki, da mai rajistar katin ɗan ƙasa, duk ranar da aka sallame su da kalmar netwok: saƙon bai fita ba ne, ko ya isa an ƙi karɓa? Idan bai fita ba, a matsa inda sabis yake a sake turawa a gaban wakilai. Idan ya isa an ƙi karɓa, to gyaran yana hannun masu sabar, kuma haƙƙin jama'a ne a faɗa musu haka a fili, a kuma faɗi wanda aka ɗora wa alhakin gyarawa.