Sitabilaiza Mai Kauri: Abin da Take Yi wa Mota a Kwana

Tun da bidiyoyin wasan motoci na Amurka suka fara yawo a wayoyin matasanmu, wata magana ta samu gindin zama a majalisun masu son mota. Wai sirrin ƙananan motocin nan da ke sulɓewa tsakanin robobi ba tare da sun kwanta ba shi ne sitabilaiza mai kauri a gaba. Ka sa mai kauri, in ji su, taya ta manne wa kwalta, shi ke nan. Har akwai masu cewa in dai da kuɗi a nemi wadda ta fi kowacce kauri a kasuwa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma wannan rabin shi ya fi ɓatar da mutane.

Wasan sunansa otokuros, kuma ba tseren kafaɗa da kafaɗa ba ne. Ana samun fili mai faɗi, wurin ajiye motoci ko filin jirgi, a jera robobin nan masu tsini ruwan lemo, a fitar da hanya mai murɗe-murɗe. Mota ɗaya ke shiga, agogo na ƙirga mata. Zagayen bai cika wuce minti ɗaya ba, yawancinsa a giya ta biyu, kuma duk wanda ya ture roba za a ƙara masa daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, tana shirya gasar ƙasa tun 1973. Daga 2009 a birnin Linkon na jihar Nebraska ake yin ta, a kan simintin filin jirgin sama, inda direbobi fiye da 1,000 ke haɗuwa cikin Satumba.

A rukunin da suke kira Street, na motocin da ba a yi wa garambawul ba, doka ta hana canza sifirin. An yarda ka canza shokazoba da taya, da sitabilaiza guda ɗaya tak, ko ta gaba ko ta baya. A da ma ta gaba kaɗai aka yarda a taɓa. Wannan ya sa ake yawan zancenta a can: ita ce ƙofar da doka ta bari a buɗe. Mai kallon bidiyo a Kano ko Maraɗi bai san da wannan dokar ba, sai ya ɗauka ƙarfen ne maganin komai.

Ita sitabilaiza sanda ce ta ƙarfen sifirin, an lanƙwasa bakinta biyu, tsakiyarta na kwance cikin bushin a jikin mota, kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar taya ta linkeji. In tayoyin biyu suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi, ba ruwanta. Sai ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa, kamar yadda ake yi a kwana, sannan take murɗewa ta yi gardama. Gardamar nan ce ke rage kwanciyar bodi. Har nan babu musu.

Inda aka kauce shi ne zaton cewa in bodi ya daina kwanciya, nauyi ya daina komawa gefe ɗaya. Ba haka ba ne. Yawan nauyin da ke barin tayoyin ciki ya koma na waje abu huɗu ne ke yanke shi: nauyin motar, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, faɗin da ke tsakanin tayar hagu da ta dama, da ƙarfin da aka shiga kwanar da shi. Sitabilaiza ba ta cikin lissafin. A ce mota mai kilo 1,000, cibiyar nauyinta santimita 45 daga ƙasa, faɗinta mita 1.4, ta ci kwana da iyakar abin da taya mai kyau ke iya riƙewa. Kimanin kilo 320 zai koma waje. Ka sa sanda siririya, 320 ne. Ka sa mai kaurin taɓarya, kusan 320 ɗin ne dai. Abin da sandar ke yankewa shi ne nawa daga ciki zai bi ta tayoyin gaba, nawa zai bi ta na baya.

To me ya sa rabon ya dame mu? Saboda taya tana da wata ɗabi'a irin ta lebura. Ɗauki leburori biyu masu sauke kaya a Dawanau. In kowanne ya ɗauki kilo 50, tafiya za ta yi daidai. Ɗora wa ɗaya 80, ɗayan 20. Mai 80 zai yi ta nishi yana jan ƙafa, mai 20 kuma ba zai yi saurin da zai cike giɓin ba. Kaya ɗaya ne, amma aiki ya ragu. Haka taya take: in ka ninka mata nauyi, riƙonta yana ƙaruwa, sai dai ba ya ninkuwa. Tayoyi biyu masu raba kaya daidai sun fi riƙo a kan biyun da aka danne ɗaya aka sake ɗaya.

Koma kan motarmu, kowace taya na ɗauke da kilo 250 a tsaye. In aka raba 320 ɗin nan biyu, tayar waje za ta ɗauki 410, ta ciki 90, gaba da baya. Ƙara kaurin sandar gaba har gaba ya karɓi 220, baya 100. Yanzu tayar waje ta gaba na ɗauke da 470, ta ciki 30 kacal, su kuwa na baya 350 da 150. Leburorin gaba an zalunce su, na baya sun samu sauƙi. Sakamakon shi ne direba ya murɗa sitiyari, gaban mota ya ƙi bi, ta miƙe tana ihun taya ta share robobi. Wato sanda mai kauri a gaba, in ita kaɗai aka duba, riƙon gaba take ragewa ta ba baya.

Amma ga shi 'yan gasa na sa ta, kuma suna cin kofi. Dalili na farko shi ne sifirin ɗin kamfani masu laushi ne, don jin daɗin mai zuwa ofis aka yi su. In aka sa taya mai riƙo sosai, bodi kan kwanta har tayar waje ta jirkice ta koma tafiya a kan gefenta maimakon tafinta. Tunda an hana canza sifirin, sandar ce kaɗai za ta miƙar da ita, kuma ribar da aka samu ta zaman taya a kan tafinta takan fi asarar rashin daidaiton kaya. Na biyu, a motar da ke tafiya da tayoyin baya, irin Mazda MX-5 da ta fito a 1989 ta cika filayen wasan, sauƙin da baya ya samu yana hana tayar ciki yin sakayau ta riƙa juyawa a banza in an taka totur a fitar kwana. Na uku, a layin robobin da ake saƙa dama da hagu, motar da ba ta jinkirin miƙewa ta fi saurin amsa sitiyari.

Motar da ke ja da tayoyin gaba kuwa, irin Civic da Golf, labarinta daban. Tayoyin gabanta su ne masu ja, su ne masu juyawa, su ke ɗauke da inji. Ƙara musu zalunci wauta ne, don haka masu ita sukan ƙara wa ta baya kauri, har ka ga tayar baya ta ciki ta ɗaga sama a kwana. Yawancin motocin da ke hannun matasanmu irin waɗannan ne, abin da masu shawarar majalisa ba sa faɗa.

Wajen zaɓe, ido na yaudara. Taurin sanda ba ya bin kauri kai tsaye, yana bin kaurin ne in an ninka shi a kansa har sau huɗu. Daga milimita 19, kaurin sandar gaban MX-5 ta farko, zuwa 22, ƙarin milimita 3 ne kawai, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100. Daga 22 zuwa 25, ƙarin kusan kashi 67. Wanda ya ce bari ya ɗan ƙara kaɗan, sau da yawa ya kusa ninkawa bai sani ba. Sanda mai rami a ciki kamar bututu tana ba da tauri mai yawa da ƙarancin nauyi, domin fatar waje ce ke ɗaukar yawancin murɗar, amma ba a gwada ta da cikakkiya ta kallon kaurin waje kawai, sai an san kaurin bangonta. Mafi alheri ga mai koyo ita ce mai huji biyu ko uku a baki. Ɗaura linkeji a hujin ciki, hannun ya gajarce, sanda ta yi tauri. Ɗaura a na waje, ta yi laushi. Saitin da ya dace da simintin Linkon zai iya yin yawa a kan tsohuwar kwalta mai ƙura ko ranar ruwan sama.

Sai ɗaurawa, inda ake ɓata ƙarfe mai tsada da sifana. Ba a ƙarasa ɗaure linkeji mota na rataye a jak, tayoyi na lilo. A sauke ta ta tsaya da ƙafafunta a wuri mai daidai, a kan rami ko gadar gareji, in son samu ne da nauyin direba a kujera. A ɗaura gefe ɗaya, sannan a daidaita tsawon linkejin ɗaya gefen har kusar ta shige hujin da turin yatsa. In sai da aka danna da ƙarfi ta shiga, to sandar a murɗe take tun mota na tsaye, kuma za ta ci kwanar dama daban da ta hagu. Direba zai kwana yana zargin taya. Kafin a haɗa linkeji ma, a kama bakin sandar a ɗaga a sauke: in ba ta motsi da hannu, bushin ya shaƙe ta. Bushin ɗin roba mai tauri da ke zuwa da sababbin sanduna yana son giris, in babu ya yi ta kuka ya kame. A murɗa sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu a tabbatar babu inda sanda ke gogar taya ko tiyon birki. A tsofaffin MX-5 an san maɗaurin sandar gaba da tsagewa in aka sa mai tauri, shi ya sa ake sayar da ƙarfen ƙarfafa wurin.

Gwaji kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Tsofaffin hannu kan shafa alli a kafaɗar taya, bayan zagaye su duba inda ya goge, su san ko taya na jirkicewa. Kuma sukan gaya wa sabon shiga gaskiya mai ɗaci: yawancin ƙin cin kwana daga ƙafar direba yake, ya shigo da gudun da ya wuce kima. Irin wannan koyo sai da fili. Mu nan a kan titi ake wasan mota, ranar biki, cikin jama'a, hukuma ta kora a dawo mako mai zuwa, alhali abin da otokuros ke buƙata bai wuce fili da robobi da agogo da hular kwano ba.

A titunanmu masu ramuka sanda mai tauri wahala ce, don duk ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ta jijjiga ɗaya gefen. Jeep Wrangler Rubicon har maɓalli gare ta na raba sandar gaba in za a shiga duwatsu. Sai dai wannan ba lasisi ba ne ga kanikawan da in linkeji ya fara ƙwanƙwasa sukan ce, “Alhaji, a cire ta kawai, ba ta da wani amfani.” Ga misali, Chevrolet Corvair, mai inji a baya, ta fito a 1960 ba tare da sandar gaba ba, an yi ta ƙorafi kan yadda bayanta ke kufcewa, kamfanin ya mayar da sandar dole a samfurin 1964, Ralph Nader kuma ya caccaki motar a littafinsa na 1965. Bas mai tsayi da aka cika da fasinja da buhuna a kan rufi, aka cire mata sandar gaba, za ta ƙara kwanciya kuma bayanta zai fi saurin kufcewa ranar da direba ya kauce wa rami a guje. Ƙarar da ake gudu kuwa yawanci daga linkeji ko bushin take, kuma canza su aikin ƙasa da awa ɗaya ne.